Iya Ba Ta Kiɗa, Taɓawa Take

A gidanmu na Malali, idan an sauke tuwon dare, Iya kakarmu ba ta bari garwashi ya mutu. Sai ta jera ɗanyar masara a kai, mu jikoki mu zagaye murhu, ita kuma ta jawo shantunta, dogon duman nan da ta taho da shi daga Zariya. Takan buga shi a cinya a hankali, tafin hannunta na rufe bakinsa yana buɗewa.

To, kakanmu Malam mai makarantar allo ne, kuma ya hana kiɗa a gidansa. Wata rana ya dawo daga sallar isha'i da wuri, ya same mu. Na ce a raina yau shantu zai bar gidan nan.

"Malam, ni ba kiɗa nake ba," in ji Iya. "Taɓawa nake."

Ya tambaye ta mene ne bambancin. Sai ta juyo gare mu ta ce ga ta nan. Muka amsa ƙasa-ƙasa, ta zo mu ji ta.

Wai wani manomi ne birai suka addabi masararsa. Da ya gaji da kora, ya zauna gindin tsamiya yana ɗan taɓa gurminsa don ya rage takaici. Birai suka sauko suna saurare, har barci ya kwashe su. Kullum haka, har ya yi girbi. Maƙwabcinsa ya gani, ya ɗauko makaɗa da manyan ganguna. Birai na ji suka cika gonar maƙwabcin da rawa, suka tattake masarar kaf.

"Mai kiɗa jama'a yake kira," ta ce, idonta na kan garwashi. "Mai taɓawa ransa yake lallashi."

Sai Malam ya gyara riga ya zauna, ya ce a miƙo masa masara, wadda ba ta ƙone ba. Muka kwashe da dariya, Iya ta ci gaba da abinta.

Na daɗe ina ɗauka wayo kawai ta yi masa. Sai da na yi nawa gidan, na wuni ina yi wa kowa hidima, na gane matar da ke ciyar da gida cike da mutane tana bukatar abu ɗaya da ba don kowa take yi ba. Ashe Malam ya riga ni ganewa.