Takun Inna Sanchamaya

Tun ina yaro nake ganin Inna Sanchamaya a kan hanyar dutse, kwando a baya, madaurinsa a goshi. Gishirinmu da kananzir, har kwanon rufin makarantar da nake koyarwa yanzu, duk a bayanta suka hau daga bakin titi zuwa ƙauyenmu, tafiyar yini guda cur. Mijinta ya rasu tana da goyo, sai ta ɗauki kwandonsa da sandarsa, shekara talatin ba ta ajiye ba.

Tafiyarta ba abin burgewa ba ce. Taku ne ƙanana, kamar mai auna gona da tafin ƙafa. In ta ɗan taɓa tafiya sai ta tokare gindin kwandon da gajeriyar sandarta, ta saki numfashi da ɗan fito, a tsaye, ta ci gaba. Mu 'yan boko mukan wuce ta a guje muna tsokana.

Ni kuwa mutum ne mai zafin farawa. Na fara kiwon zuma na watsar. Karatun babbar takardar malanta sau biyu ina kama shi ina saki.

Wata safiya jini ya ɓalle wa matata Devikala, cikinta na wata takwas. Ungozoma ta duba ta ce asibitin bakin titi, kuma yau. Majiya ƙarfin ƙauyen duk sun tafi ci-rani. Aka yanke gefen babban kwando, aka shimfiɗa bargo, aka zaunar da Devikala a ciki. Na ce ni zan ɗauki matata.

Inna Sanchamaya ta dube ni daga sama har ƙasa. "Malam Tikaram, ka taɓa ɗaukar abin da ya fi alli nauyi?"

"Inna, matata ce fa."

"To, ga ka ga hanya."

Na sa madauri a goshi na kama gangara da sassarfa, na bar Inna can baya. Ban san gangara ta fi hawa cin gwiwa ba. Kafin mu kai gadar igiya na durƙushe, kwandon ya karkata wajen kwazazzabo. Devikala ta yi ƙara. Na rungume wani dutse na kasa gaba na kasa baya, har sai da na ji an tallafe kayan daga bayana.

"Sauke mini 'yar mutane kafin ka ƙarasa ta," in ji Inna.

Ta ɗauka, muka haye gada, aka fara hawa. Takun nan dai nata, ba ƙari ba ragi. Da ta tokare sanda ta tsaya, raina ya ɓaci.

"Inna, na roƙe ki, ki ɗaga ƙafa!"

"In na ɗaga na faɗi, wa zai kwashe mu? Kai?" Sai ta ɗan juya kai. "Ke Devikala, kar ki yi mini barci a baya. Gaya mini, me kika gani a jikin wannan mai ƙafar sauro?"

Na ji matata ta yi 'yar dariya, da ƙyar.

Abin kunya, tafiyar da na raina ita ce ta gagare ni. Gwiwata ta kumbura, tazara ta yi ta buɗewa. Inna ta ɗaga murya ba tare da ta waiwayo ba: "Kar ka kalli saman dutsen, Malam, kalli inda ƙafarka za ta sauka. Kuma kar ka zauna, in jiki ya yi sanyi ba ka tashi." Suka sha kwana, ban ƙara ganinsu ba.

Na yi kuka a wurin, ba zan ɓoye ba. Sannan na karyo reshe na dogara, na yi taku goma, na huta a tsaye, na ƙara goma. A hawan nan na koyi abin da na gama karatuna da shi daga baya, shafi biyu kullum har shekara uku. Duk abin da na zama a yau, Inna nake gode wa.

Rana ta yi sanyi lokacin da na isa. Na tarar da Inna a bakin asibitin ta miƙe ƙafa tana cin shinkafa da miyar wake. Ta nuna mini ƙofa da haɓa.

Devikala na kwance, an ɗaura mata ruwa, ga wata 'yar mitsitsiyar jaririya a ƙirjinta. Ma'aikaciyar jinya ta ce da an ƙara sa'a guda, da labarin ya sha bamban. Na durƙusa a gefen gadon na kama hannunta.

Ta buɗe ido a hankali ta ce, "Inna ta ce in jira, kana tafe."