Ɗan Kunnen Hajiya a Kogin Wales

Asabar ta biyu ce a dogon hutun shekarar da na cika goma. Hantsi ya ɗaga, ina tsaye a kan wani dutse mai santsi a bakin kogi cikin duwatsun Wales, sanye da takalmin roba da ya yi mini yawa, ina kallon manyan maza biyu suna kokawa da inji a cikin ruwa. Ɗaya mahaifina ne, Abba, akanta, mutumin da ko ƙwan fitila ya mutu a gida sai ya nemi mai gyara. Ɗayan amininsa ne, Baffa Sabo, wanda ya gama digirin dakta a injiniyanci a Birmingham, kuma tun daga ranar bai sake barin wani mahaluki ya kai ƙarshen maganarsa a gabansa ba. Zinare suka zo nema. Wallahi zinare, su biyun nan, da wandon ofis a naɗe zuwa gwiwa.

A unguwar Cheetham Hill ta Manchester muke zaune a lokacin, a ƙasan wani tsohon gidan bulo mai ɗan tsakar gida a baya, inda Umma ta jera bokitai tana shuka alayyafo da albasa. Ni ce mai ba su ruwa, ni ce mai kwashe shanya da gudu in sama ta ɓata rai, kuma a Manchester kullum ranta a ɓace yake. In na gama wanke-wanke sai in zauna a bakin matakala in yi carafke ni kaɗai, da duwatsun da na tsinto a filin makaranta. A makarantar nan ba ni da abin taƙama ko ɗaya sai 'yan kunnena. Na kakata ne, Hajiya, mahaifiyar Umma, wadda na ci sunanta, shi ya sa kowa ke kirana Ummi. Shekaru ta yi tana soya ƙuli-ƙuli tana tatsar man gyaɗa a Kano kafin ta samu zuwa Makka, a can ta sayo su, ƙanana, zagayayyu kamar 'ya'yan kanya. Da ta rasu ba mu samu zuwa jana'iza ba, su kaɗai aka aiko wa Umma a ƙulle cikin tsumma. Umma ce ta saka mini su da hannunta. "Ko wanka za ki yi kada ki cire," in ji ta, "abin da ya rage mini na uwata ke nan."

Baffa Sabo ne ya kawo mana ciwon. Ya ga wasu Turawan Amurka a talabijin suna tsotse yashin kogi da inji suna tace zinare, shi ke nan ya ce ai wannan lissafin 'yan aji ɗaya ne. Duk ƙarshen mako sai ya taso daga unguwarsu Edgbaston a Birmingham ya mamaye mana tsakar gida. Ya samo tsohon injin jan ruwa, ya ɗaura masa tiyo mai kaurin cinya, ya haɗa wani dogon kwami na gwangwani inda yashin zai riƙa bi. A cewarsa ruwa zai wuce da yashi, zinare kuwa saboda nauyinsa zai maƙale a ƙasan kwamin. Abin da zinaren zai maƙale a jikinsa kuma, sai ya ɗauke tabarmar goge ƙafa ta ƙofar gidanmu ya yayyanka ba tare da ya tambayi kowa ba. Bokitin alayyafo biyu ya taka ya fasa. Abba na tsaye riƙe da sufana kamar ɗan koyo, duk abin da aka faɗa sai ya ce, "Haka ne, Dakta." Umma tana kallonsu ta tagar kicin, abin da kawai take cewa shi ne, "Allah ya sa a gama lafiya."

Da muka isa kogin, Umma ta zauna can sama kusa da mota tana haɗa abinci, ni na bi su ƙasa. Mun tarar da wani tsohon Bature a tsugune da faranti ɗaya tal, yana jujjuya yashi a hankali kamar mai rege shinkafa. Ya nuna mini 'yar kwalbarsa, wasu ɗigo-ɗigon ƙura masu ruwan ɗorawa a ƙasanta, ya ce na shekara da shekaru ne, shi dai zaman bakin ruwan yake so. Ya dubi injin, ya gaya musu a kogin nan ba a yarda da shi ba, yana hargitsa wurin da kifi ke ƙwai. Baffa ya yi masa murmushin da ake yi wa yaro, ya juyo ya ce da Hausa, "Ka ji aikin jahilci. Abin da ya tara a shekara goma, kafin azahar mun ninka shi." Aka ja igiya, inji ya ɗauki ƙara, hayaƙi ya turnuƙe, ruwan da nake hango duwatsun ƙasansa ya koma kamar kunun kanwa. Awa uku suna yi. Abin da tabarmar ƙofarmu ta kama: murfin kwalba, tsatsattsiyar ƙusa, da wani ƙaramin kifi da ya mutu a banza.

Mai hankali da ya tattara kayansa. Amma Baffa ya share tabarau ya ce a ilmance ba za a ce babu zinare a kogin ba sai an tabbatar injin yana kama zinare, don haka sai an yi gwaji. Tsohon nan, da ya fahimci inda aka dosa, ya ciro 'yan gutsattsarin dalma daga aljihu ya miƙa, ya ce da su kowa ke gwadawa, nauyinsu ya isa. Baffa ya ƙi karɓa. Wai dalma daban, zinare daban, shi ba ya aikin kame-kame. Sai na ga idonsa ya sauka a kunnena. Na dafe shi da hannu biyu, na dubi Abba, don na tabbata zai ce a'a. "Ummi, ba Baffanki guda ɗaya," in ji Abba, "minti biyu ne, yanzu zai dawo miki da shi." Na ce Umma ta hana. Ya ce, "Kin fi Dakta sani ne?" Ana cewa abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. To, ni ranar a kan dutse kawai nake, kuma na hango. Amma ban taɓa yi wa Abba musu ba, na kwance na dama da hannuna na miƙa.

Baffa ya ɗaga shi sama kamar mai gabatar da lacca, ya sake shi a bakin tiyo. Na ji ƙarar wucewarsa a ciki, ƙaras, ƙaras. Na ga ƙyallinsa ya faɗo kan kwami, ya gangara bisa tabarmar ko tsayawa bai yi ba, ya fice ta baya tare da yashi ya faɗa cikin gurbi mai zurfi inda ruwa ke juyawa. Tsohon ya girgiza kai ya ce ɗan kunne ai cikinsa fanko ne, ga shi a zagaye, dole ya mirgina, kuma kwamin ya cika gangara. Na kurma ihu. Abba ya afka ruwan har ƙirji da rigarsa yana lalube, leɓɓansa suka yi shuɗi don sanyi. Baffa kuwa, Allah shi ne shaidata, littafi ya ciro daga aljihu ya yi rubutu, sannan ya ce, "Wannan ma sakamako ne. Yanzu mun san inda matsalar take." Ba a jima ba manomin da ke da filin ya gangaro da karensa, ƙarar inji ta kira shi, ya ce ko mu kwashe tarkacenmu yanzu ko ya kira hukuma. Haka muka hau tudu, su suna jan inji, ni ina riƙe da kunne.

Umma ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta dube ni, ta kai yatsa ta taɓa hudar da babu komai, ta daɗe a haka. Sannan ta kwance na hagun ta ƙulle a bakin mayafinta. Baffa ya fara bayani a kan gangara da gudun ruwa, ya ce in an koma zai sayo wanda ya fi shi. Ko kallonsa ba ta yi ba. Abba ta duba, yana tsaye ruwa na ɗiga daga jikinsa, ta ce, "Abban Ummi, mutane suna zuwa kogi su ɗebo, ku kun kai masa." Daga nan muka shiga mota sai Manchester. Na ji haushin Baffa, amma Abba ne ya ba ni kunya, kuma na daɗe ban yafe wa hannuna ba.

Yanzu a Perry Barr nake da aure, 'yata ta kusa shekarun da nake da su a ranar. Baffa Sabo ya zama farfesa, ya yi tumbi, a wurin suna ko walima har yau yakan ba da labarin "binciken da muka taɓa yi a Wales", mutane suna gyaɗa kai. Bai taɓa ambaton ɗan kunne ba, wanda ya fi shi ɗin ma har yau yana hanya. Abba ya tsufa, in aka fara labarin sai ya tashi ya ce zai yi alwala. Bara Umma ta kwance ƙullin ta ba ni na hagun. Wani maƙerin zinare a nan Birmingham ya ce zai ƙera masa ɗan'uwa yadda ba mai bambancewa, na ce ya bari, ni zan bambance. Wani lokaci 'yata takan ga masu neman zinare a kogi a waya, ta tambaye ni ko da gaske akwai zinare a kogunan ƙasar nan. Nakan ce mata akwai, a kogi ɗaya dai na tabbata, kuma na kakata ne.