Manu Mai Komo da Waƙar da Ta Binne Ni da Raina

Bana shekara arba'in da biyar ke nan da rasuwar Manu Mai Komo. Ni ban yi boko ba. Faɗa na yi, maƙwabcina malamin makaranta ya rubuta. Sunana Sule, maharbi ne ni tun ina saurayi, kuma Manu ɗan ƙanwar uwata ne. Hamma yake ce mini, wato yaya.

Komo babbar garaya ce ta maharba. Uban Manu ne yake kaɗa mana ita a Gombe, shi ne kuma yake riƙe da doguwar waƙa, wadda ake jero maharban da suka mutu ɗaya bayan ɗaya, kowa da dajin da ya faɗi da abin da ya kashe shi. Da tsohon ya rasu, Manu bai fi shekara ashirin ba. Ba a daɗe da samun 'yancin kai ba, jirgin ƙasa ya iso garin, samari duk sun koma dakon auduga a tasha. Shi kaɗai ya zauna da komo. Shi kaɗai kuma ya san sunayen nan duka.

Waƙar tana da doka ɗaya. Ba a saka abin da ba wanda ya gani. Mawaƙin da ya ƙaga, Sarkin Baka, wato shugaban maharba, yakan karɓe komonsa.

Wani rani muka shiga dajin da ke bayan Dukku, mu huɗu. Na rabu da sauran, na ci karo da ɓauna. Na harba, bindiga ta ƙi tashi. Abin da ya biyo baya ban gan shi sosai ba. Abokan tafiyata sun tarar da bindigata a karye, ga hulata, ga jini, ga sawun kura. Suka dawo gida suka ce na mutu. Aka yi addu'ar uku da ta bakwai da ta arba'in. Ashe Fulani masu tafiya kudu da shanu ne suka tsince ni, suka ɗora ni a kan takarkari. Wata shida na yi a hannunsu.

Da ruwan farko na dawo Gombe, ina dogara sanda. Na biyo ta tasha da hantsi, sai na ji komo. Leburori sun kewaye Manu, yana cikin doguwar waƙa, sai na ji sunana. Na tsaya a baya na saurari yadda na mutu. Wai na jefar da bindiga, na zare wuƙa, na tsaya ƙyam ina kallon ɓauna ido da ido, na soke ta sau uku kafin na faɗi. Har wani dattijo yana share hawaye. Mutuwa ce mai kyau, ban taɓa jin irinta ba.

Da ya ɗaga kai ya gan ni, hannunsa ya tsaya. Mai ƙosai ta bar kaskonta ta zura da gudu.

Ya ce, “Hamma, kai ne ko aljani?”

Na ce, “Ka taɓa ganin aljani yana ɗingishi?”

Murna ba ta wuce kwana uku ba. Sarkin Baka ya aiko a zo gindin tsamiyar da muke taruwa a Arawa, wadda a lokacin bakin gari ce. A hanya Manu ya ja ni gefe. Ya ce shi ya sani ya ƙaga. Ya ce ya kasa jero ni da bindiga karyayya da sawun kura kawai, kamar wani kare. Sannan ya ce, “Hamma, ka ce haka aka yi. Wa ya gani? Mutuwar kaɗai zan cire.”

Muka ci gaba da tafiya. Abin ya ja ni, ba zan ɓoye ba. Da na ce e, shi ya tsira da komonsa, ni kuma na zama namijin da ya soki ɓauna. Idan na ce a'a, za a rataye komo, kuma sunayen mutanen nan duka su bi iska, har da na ubana.

Sarkin Baka ya tambaye ni a gaban kowa, “Sule, ka tsaya mata?”

Na juya musu baya, na ɗage riga, na sassauta wando. Tabon yana nan har yau, daga cinya ta baya zuwa mazaunai. Na ce, “Wanda ya tsaya a ƙirji ake sukarsa.”

Wuri ya kece da dariya. Manu bai yi dariya ba. Ya ajiye komo a gaban Sarkin Baka ya koma ya zauna, kansa a ƙasa.

Da aka yi shiru na ce, “Sarki, yaro ya yi ƙarya, ni kuma na yi gudu. Babu na kirki a cikinmu. Amma idan ka rataye komon nan, wa zai kira sunan ubanka? Ka ba ni yaron. Zan kai shi inda abin ya faru, ya ji daga bakin waɗanda suka gani.”

Sarkin Baka ya ce komo zai zauna a zaurensa har kaka. Idan waƙa ta dawo daidai, a mayar. Idan ba ta dawo ba, shi ke nan.

Muka kama hanya a ƙasa. Kwana biyu Manu bai yi mini magana ba. Na nuna masa kurmin, na nuna masa bishiyar da na nufa ban kai ba. Ya auna da ƙafarsa, taku goma sha ɗaya ya rage. Daga nan muka bi sawun Fulanin har muka same su sun dawo mashekarinsu, inda suke yin damina. Tsohuwar da ta yi jinyata da man shanu mai zafi da sassaƙe tana nan. Manu ya zauna a gabanta yini guda yana tambaya. Ya ce, “Inna, me yake cewa lokacin da kike gasa masa?” Ta ce, “Uwarsa yake kira, kamar ɗan maraƙi.” Na harare ta. Manu ya yi dariya, karon farko tun tsamiya.

Duk ya saka a waƙar. Bindigar da ta ƙi tashi, taku goma sha ɗaya, takarkari, kiran uwa. Ranar da ya rera ta a gaban maharba da aron komonsa, aka yi ta dariya, sannan dariyar ta ragu. Kowa a wurin ya taɓa gudu, ba wanda ya taɓa jin an faɗa a waƙa. Sarkin Baka ya ce, “Ɗauki kayanka.” Aka fitar da ni daga jerin matattu, waƙata ta tsaya ita kaɗai. Shekara sittin ke nan yara suna ce mini Baba Taku Sha Ɗaya. Na saba.

Daga ranar Manu bai ƙara saka kowa a waƙa ba sai ya je ya ga wurin. Takalminsa ya fi tsarkiyar komonsa saurin cinyewa. Da kuɗin mai suka shigo, gari ya cika da rediyo da kaset da sababbin motoci, mawaƙa suka koma bin masu kwangila. Wani mai kwangila ya kira shi ya ce ya yi masa waƙa, ya faɗi cewa ya taɓa kashe zaki. Manu ya ce, “Ranka ya daɗe, a wane daji? Mu je ka nuna mini.” Ba a sake kiransa ba. Bai yi arziki ba, bai kuma kwana da yunwa ba. Yana da gonarsa, maharba suna kawo masa cinya.

Yau idan na hau keke zuwa Tumfure wurin 'yata, sai in riƙa kallon gidaje. A nan nake harbin gada. Babu daji, babu ɓauna, maharban yanzu gadin unguwa suke yi. Nakan tambayi kaina me Manu zai ce. Ina jin wayar nan za ta burge shi, don tana ajiye murya. Amma labaran da ake turawa a cikinta, zai gaji da tambayar wa ya gani. Ban ce zamani ya lalace ba. Na ga asibiti, na ga ruwan famfo, jikokina suna karatu. Alhamdu lillahi. Komon ma bai mutu ba, yana hannun ɗan Manu, ana kaɗa shi a sunan 'ya'yan maharba da bikinsu.

Manu bai kai arba'in ba. Zazzaɓi ne, kwana huɗu, a kan tabarmarsa, ina riƙe da kansa. Bayan shekaru, da ɗansa, wanda ya koya wa sunayen tun yana yaro, ya girma ya ɗauki komo, sai ya zo wurina da manyan maharba. Suka ce lokaci ya yi da za a saka Manu a doguwar waƙa, ni ne shaida. Suka ce zazzaɓi ya yi kaɗan ga mutum irinsa, ko akwai wani abu da ya faɗa a ƙarshe, wani abu mai nauyi?

Na ce ruwa ya nema, na ba shi, ya sha rabi.

Ɗan ya ɗauki komo ya rera hakan. Baitin Manu shi ne mafi gajarta a waƙar duka. Duk sanda aka zo kansa, maharba sukan cire hula. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta.