Fakarar da Ta Faɗa Ruwa

Jiya na ji kukan fakara a bayan gonarmu a Wara, sai marigayi surukina ya faɗo mini a rai. Bindigarsa harsashi ɗaya take ci, kuma yakan ce shi ba ya kuskure.

Ina da cikin fari, dab da faɗuwar damina, kwaɗayin fakara ya hana ni cin komai. Baba ya saɓa bindiga ya fita, na daka yaji ina jira. Da la'asar ya dawo, wando sharkaf, riƙe da ƙatuwar tarwaɗa.

Inna ta ce, "Malam, ina fakarar?"

Ya ce, "Na harbe ta, ta faɗa ruwa ta rikiɗa."

Na yi dariya har da hawaye, na cinye rabinta. Allah ya haskaka kabarinsa, ya ciyar da shi abincin Aljanna.