Wendell da Katin da Ya Gasa

Wendell Sorvig ya yi shekara talatin da ɗoriya yana jan tirela daga garin Fargo na Amurka, kullum cikin ƙorafin ciwon baya. Da ya yi ritaya, me ya sa a gaba? Jan tirela a wasan kwamfuta. Matarsa Darlene ta ce ita dai ba ta taɓa ganin wanda ya bar aiki don ya ci gaba da yinsa kyauta ba.

Amma ta san dalili. Ɗansu Curtis yana can nesa a garin Tacoma, kuma shi da uban ba su iya hira a waya ba. "Lafiya?" "Lafiya." "Ga mamarka." Sai a wasan nan da suke haɗuwa ta intanet duk Lahadi, tirelar ɗa a gaba ta uba a baya, bakinsu yake buɗewa. Wendell ba shi da abin da yake so a duniya kamar wannan Lahadin.

Katin hoton kwamfutar ne matsalar. Na hannu ya saya, wurin wani mai haƙar kuɗin intanet da kwamfuta, wanda ya rantse bai wahalar da shi ba, alhali katin ya sha wuta ba dare ba rana. Da an kama hanya sai ya ɗau zafi, allo ya cika da zane-zane, komai ya tsaya cak, tirelar Wendell ta ɓace ana tsakiyar magana.

Ya hure ƙura. Ya canza man da ke sanyaya katin. Ya cire murfin kwamfutar ya kafa mata fanka, ya buɗe taga a tsakiyar Janairu, har Darlene ta koma kallon talabijin da safar hannu. Duk a banza.

Sai ya ji 'yan wasa suna cewa ana gasa irin katin a obin ɗin gasa burodi, dalmar da ta tsage ta narke ta sake kamawa.

"Zafi ne ya lalata shi, kuma zafin za ka ƙara masa?" in ji Darlene. "Tsoho, anya kanka ɗaya?"

"Ke dai ba ni farantin biskit ɗinki. Wannan aikin injiniyoyi ne."

"To, sannu injiniya."

Injiniya ya manta bai kwance fankar roba da ke jikin katin ba. Hayaƙi ya turnuƙe kicin, ƙararrawar gobara ta ɗauka, maƙwabci ya rugo da takalmi ƙafa ɗaya. Katin ya fito a lanƙwashe kamar busasshen kifi.

Lahadi ta zo, Wendell ya zauna gaban baƙin allo ransa a jagule. Ya riga ya sallama cewa hirarsa da ɗansa ta ƙare. Sai waya ta yi ƙara.

"Baba, ina ka shiga ne?" in ji Curtis. "Tun ɗazu na faka a gidan mai ina jiranka."

"Na gasa katin."

"Ka yi me?"

Curtis ya yi dariya har ya sarƙe. Daga kati suka koma kan hayaƙi, daga hayaƙi suka faɗa labarin tsohuwar tirelar Wendell, har abinci ya huce a tebur. Ba wanda ya ce ga mamarka.

A satin Curtis ya aiko da sabon kati. Wendell, mutumin da ke sauke injin tirela ya mayar shi kaɗai, har yau wai ya kasa gane inda ake soka shi. Duk Lahadi sai Curtis ya bugo ya sake yi masa bayani daga farko. Darlene takan zo ta goge ƙurar da ke kan kwalin sabon katin.