Garken Bakari na Takarda

Duk wanda ya ci kasuwar Cadawa a shekarun da ke tsakanin manyan fari biyu ya san Bakari mai ga-ruwa. Dogo ne, siriri, yana tafe da garwa biyu rataye a sanda, idonsa kullum a ƙasa kamar wanda ya yar da allura. Ba allura yake nema ba, ambulan yake nema, irin wanda mutane ke yagewa su jefar da zarar an karanta musu wasiƙa. 'Yan kasuwa sun sha yi masa dariya, amma mafi yawan masu dariyar ko akuya ba su taɓa ɗaurewa ba, balle su san zafin rasa garke.

A rugar da ke bayan Gangara aka haife shi, ya tashi cikin jajayen shanu masu dogon ƙaho. A cikinsu akwai wata mai farin goshi, Saige, wadda ya gada daga mahaifiyarsa Inno. Saboda son da yake mata ne ma ya ba ɗan baffansa Sajo ita habbanaye, wato aron saniya irin na Fulani: ta zauna a wurinka ta yi haihuwa uku, ka riƙe 'yan maruƙan, ka mayar da uwar. Sajo ya cika alkawari, ya maido ta. Ba a daɗe ba farin 1973 ya sauka. Sajo ya kora nasa ya yi kudu tun da wuri, shi kuwa Bakari ya tsaya jiran hadari. Shanu suka riƙa faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Saige ce ta ƙarshe, sai da ta kai kullum da safe shi da matarsa Dija ke cicciɓa ta da itace kafin ta miƙe. Ran da ta ƙi miƙewa, suka naɗe tabarma suka shigo Cadawa, sandar kiwo ta koma sandar ɗaukar garwa.

Farin ya watsa mazaje Kano da Ikko da Abijan, saboda haka wasiƙu suka yawaita. Ran kasuwa Mushe Jibrilla, malamin lakol, wato makarantar boko, yakan zauna gindin bedi yana karanta wa mata da tsofaffi, don Allah. Wata rana Bakari ya kawo masa ruwa, ya ga wani ambulan a ƙasa, a kusurwarsa an manna 'yar takarda mai hoton saniya. Ya ɗauka ya ƙura mata ido har ruwan garwa ya soma yoyo a ƙafarsa.

"Mushe, wagga nagge ta wa ce?"

"Tambur ne, Baffa. Shi ne kuɗin motar wasiƙa. Ni ma tara su nike."

Ashe Mushe ya sami abokin hira. Ya nuna masa cewa kowane tambur yana da haƙora a gefensa, akwai mai manya akwai mai ƙanana, kuma biyu za su yi kama amma launin ɗaya ya fi na ɗaya duhu. Baƙin hatimin da gidan waya ke bugawa a kai kuwa shi ke faɗin inda ya fito. Bakari bai iya karatun boko ba, amma wannan karatun ya san shi tun yana yaye. Da haƙori ake gane shekarun saniya, da launi ake sa mata suna, da shaida ake sanin ta wace ruga ce. Kafin shekara ta zagayo, in aka zube masa tambur goma masu hoto iri ɗaya, sai ya ware baƙon cikinsu.

Wahalar ita ce raba tambur da ambulan, don sai an jiƙa. Ruwa kuma a lokacin ya fi nono tsada. Daga rabonsa na sha yake rage ludayi guda, ya jiƙa su a ƙoƙo, ya shanya a bayan faifai, sannan ya shanye ruwan da ɗanɗanon ƙaro da komai. Dija takan ce, "Kai dai, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Wanga garke naka ko kindirmo bai ba mu ba." Amma ita ce ta ba shi kwallarta ta aure ya jera su tsakanin ƙyallaye, ita ce kuma ke ɗaga ta saman danki, ma'ajiyar ƙorai, saboda gara. Kowane tambur da sunansa: wannan Wule, wancan Ole, wancan Nyale, sunayen shanun da ya bari a dajin Gangara. Da almuru, lokacin da shanu ke dawowa ruga, yakan buɗe kwallar ya kira su ɗaya-ɗaya. Sunan Saige kaɗai bai ba kowa ba. Ya ce sunayen matattu yake rabawa, ita kuwa jininta na nan da rai a hannun Sajo, ko'ina yake.

Akwai wata tsohuwa, Gogo mai daddawa, da ke ƙunshe wa mutane haja da tsofaffin takardun akwatin marigayi mijinta, wanda ya yi tafinta zamanin Nasara. A jikin ƙunshin daddawar Dija ne Bakari ya ga wani ƙanƙanen tambur mai hoton raƙumi da mahayinsa. Yana da irinsa guda biyu, amma wannan baƙin rubutun da aka buga a kansa a kife ya fito. Da ya kai wa Mushe, sai da malamin ya goge tabarau sau biyu. Ya ce kuskuren maɗaba'a ne, irinsa ba su da yawa a duniya, kuma akwai wani mai kanti a Maradi da zai ba da abin kirki a kansa. Bakari ya koma ya gaya wa Gogo, don bai son cin haƙƙin tsohuwa. Ta ce in dai takarda ce ya riƙe, shi dai ya riƙa cika mata randa. Ya riƙe, bai sayar ba. Makiyayi ba ya kai ta gaban garke kasuwa sai ta ɓaci.

A 1984 ta ɓaci. Damina ta yi gardama, gero ya bushe tun bai kai gwiwa ba, mata suka koma jiƙa dilo, 'ya'yan anza masu ɗaci da ake ci lokacin yunwa. A cikin wannan hali Sajo ya ɓullo Cadawa da iyalinsa, ya tsufa, ya rame, yana janye da karsana guda, ita kaɗai ta rage masa. Bakari na hango farin goshinta ya saki garwa. Jikar Saige ce, ga tafiyar, ga ƙahon, ga tsaga biyu a kunnen dama, shaidar gidansu tun kakanni. Ya rungume wuyanta yana kuka a tsakiyar titi, bai damu da kowa ba.

Sajo ya ce, "Ɗan'uwa, da habbanaye na so in kawo maka ita, kamar yadda ka yi mini. Amma ɗiyana kwana biyu ba su ga hura ba. Ran kasuwa dillalan kudu za su ɗauke ta."

"Kada ka ba kowa. Hatsin da za su ba ka, ni zan kawo shi."

Bakari ya nufi gidan Mushe Jibrilla da maganar sayar da tambur ɗin nan mai raƙumi. Malamin ya ce da safe zai hau mota zuwa Maradi, ya kai tambur ɗin, ya dawo da buhunan gero. Ya ƙara da cewa, "Sai dai a yi hattara, Baffa. Mai kantin yana da masu raƙumi da yawa, kada naka ya shige cikinsu a ce ba shi ba ne."

Wannan magana ita ta tsaya wa Bakari a rai. A gidansu ba a taɓa tura dabba cikin garken wani ba tare da shaida ba. Sauran ba su taɓa barin kwalla ba, shi ya sa bai yi musu ba. Ya kuma ga cewa gidan waya ma na buga tasa shaidar a kai ba a ce an ɓata ba, to ina ga ta mai abu? Da hantsi ya wasa askarsa, ya yi bisimilla, ya yi wa tambur ɗin tsaga biyu a kusurwar sama ta dama, a tsanake, bai taɓa raƙumin ba, bai taɓa rubutun ba. Aikin ya yi kyau ƙwarai, abin da ya fi ciwo ke nan. Ya naɗe shi a ƙyalle ya kai tasha.

Mushe ya buɗe ƙyallen a bakin mota, sai ya zauna a kan benci.

"Baffa, mi ka yi haka?"

"Shaida na yi mishi, don kada shi ɓace."

Malamin ya mayar da ƙyallen ya naɗe. Shekara goma yana koya wa mutumin nan haƙori da launi da hatimi, bai taɓa tunanin ce masa kada a yanka ba, kamar yadda ba a ce wa baligi wuta na ƙuna. A wurin masu tara tambur, tsaga guda ta isa ta mai da na zinariya takardar ƙunshin daddawa. Duk da haka ya hau motar, ya je ya roƙi mai kantin. Da la'asar ya dawo da ƙyallen a aljihu da 'yan tiyoyin gero da ya awo da guzurinsa, ya ce a kai wa yaran Sajo. Garin neman gira an rasa ido, kuma babu wanda za a kama da laifi.

Ran kasuwa Bakari bai ɗebi ruwan kowa ba. Garwa guda ya cika, ya kai wa karsanar ta sha ta ƙoshi. Sajo ya rantse zai fasa sayar da ita, Bakari ya ce in ya fasa ba shi ba shi, yara ne gaba da saniya. Shi da kansa ya karɓi igiyar ya ja ta zuwa motar dillalai, yana yi mata magana da Fulatanci har ta hau katako ba gardama. Ya tsaya yana kallon kunnen nan mai tsaga biyu ta tsakanin ƙarafa har motar ta sha kwana.

Ya rayu shekaru bayan haka, yana ga-ruwa, yana tsintar ambulan, kuma 'yan kasuwa suka daina dariya. Amma Dija ta ce ranar da aka tafi da karsanar ce ta san abin ya ƙare. Da almuru ya sauko da kwalla kamar kullum, ya kira Wule, ya kira Ole, ya kira Nyale. Sannan ya kwance ƙyallen, ya shafa tsagar da ɗan yatsa, ya sa tambur ɗin a gaban sauran, inda ta gaban garke ke tsayawa.

Ya ce, "Saige."