Gurasar da Ba a Yi Mini Bismilla Ba

Ni mutum ce mai riƙo, ban taɓa musun haka ba. Yayana yakan ce da ana sayen fushi a kasuwar Kurmi da tuni na gina bene. Amma duk fushin da na yi a rayuwata, babu wanda nake tunawa in yi dariya in kuma ji kunya kamar wanda na yi da ƙawata Bazazzagiya. Saura ƙiris in rasa ta a kan loma ɗaya ta gurasar da ni na gasa da hannuna.

Lokacin Turawa ba su tafi ba tukuna, da sauran 'yan shekaru. Mijina ya rasu, na gama takaba na dawo gidanmu a gindin Dala, wurin yayana mai ɗinkin hula. Na tarar da tanderun mahaifiyarmu a tsakar gida kaji na ƙwai a ciki, na kore su, na yaɓe shi, na kama sana'ar gurasa. Tanderun nan shi ya haɗa ni da ita. Wata safiya na zura hannu zan manna kwaɓi, damtsena ya taɓa bakinsa, fata ta saluɓe. Aka kai ni asibitin cikin gari, aka haɗa ni da wata nas doguwa mai wushirya. Tana wanke ciwon ina kurma ihu, sai ta ce dama ta sani, Kanawa sai baki, ba juriya. Ina jin harshenta na san daga inda ta fito. Na ce mata ai gara mu, mutanen Zariya ko bakin ma aro suke yi. Ta yi dariya har ta zubar da auduga.

Sai a zuwa na uku na lura da ɗan gicciye a wuyanta. Ni a lokacin na ɗauka duk Kirista daga kudu jirgin ƙasa yake kawo shi, ban san akwai Bahaushiya wadda iyayenta ma Kiristoci ne ba. Kafin ciwon ya warke mun ƙulla. In ta tashi aiki sai ta biyo ta gidanmu kafin ta wuce Sabon Gari, ta cire takalmi, ta miƙe ƙafa a tabarma, ta kushe gurasata tana ci. In lokacin salla ya yi na tayar, ita ce mai kore mini akuya daga bakin ƙwaryar kwaɓi.

Wata rana ta zo da magana a bakinta. Ta ce a majami'arsu, wadda ake yin komai da Hausa, duk Lahadin farko ta wata suna yin abin da suke kira Jibin Ubangiji. Ana raba gurasa da abin sha don tunawa da cin abinci na ƙarshe da Annabi Isa ya yi da almajiransa. To amma burodin kanti suke saye su yanka da wuƙa, ita kuma abin yana damunta, don littafinsu gurasa ya ce, ga ta kuma a garin gurasa. Ta yi wa dattawansu alkawarin za ta samo musu ta gaske.

Na ce sai na tambayi Yaya. Ya ɗago kai daga hular da yake ɗinki, ya tambaye ni ko na taɓa bin mai sayen gurasa har gida in ga da wace miya zai ci. Ya ce mutanen Littafi ne, abinci kuma abinci ne, ni dai in gasa ta da kyau kada in ba Kanawa kunya a Sabon Gari.

Ni kuwa da jin an ce jibi, sai na fara lissafin bandashe: ƙuli-ƙuli, man gyaɗa, albasa, yaji daidai kima. Ƙawata ta riƙe baki. Ta ce ba mai, ba yaji, ba riɗi, ba sukari. Guda ɗaya tak, babba, wadda za a karya da hannu kowa ya ci daga jikinta. Na ce wannan wane irin jibi ne da ko mai makoki ba za a kai wa ba? Na roƙe ta ko riɗi ne ta bari in barbaɗa, don kada a ce mai gurasar marowaciya ce. Ta ƙi. Haka na tankaɗe alkamata sau biyu, na kwaɓa, na gasa abu fari sol, ina kallonsa ina jin tausayinsa.

Wata uku muna haka. Ranar Asabar da yamma ta zo ta ɗauka, ranar Litinin ta dawo mini da ƙwaryata da labari. Ta ce wani tsoho ɗan aikin jirgin ƙasa ya ce rabonsa da ɗanɗana alkama irin wannan tun yana yaro. Na ce ai dole, ina zai samu.

A wata na huɗu aiki ya riƙe ta a asibiti ranar Asabar, ta aiko a ce mini ba ta san yadda za a yi ba. Na ce ƙafafuna ba aronsu na yi ba. Lahadi da hantsi na rufe gurasar da faifai, na yafa mayafi, na fita ta Ƙofar Mazugal, na ratsa Fagge. Ban taɓa shiga Sabon Gari ni kaɗai ba, amma na yi ta tambaya har aka nuna mini wurin, wani dogon ɗaki mai rufin kwano. Ita ma shigowarta ke nan, ko kayan aiki ba ta cire ba. Ta karɓi ƙwaryar da hannu biyu ta shige.

Niyyata in juya. Amma rana ta yi zafi, wata tsohuwa kuma ta jawo mini kujera 'yar tsuguno a inuwar bakin ƙofa. Gaskiyar magana dai son ganin ƙwaƙwaf ne ya zaunar da ni. Ina so in ga yadda mutum wajen hamsin za su yi da gurasa ɗaya ba tare da an yi dambe ba. Na cire takalmina na ajiye a bakin ƙofa kamar yadda aka koya mini, na duba na ga nawa ne kaɗai a wurin. Su da takalmansu suke shiga, hula ce maza suke cirewa.

Suka yi waƙa, suka yi addu'a, faston ya yi wa'azi. Dattijo ne tsamurarre mai sanyin murya. Can sai ya yaye farin ƙyalle daga kan tebur, ga gurasata zaune a faranti. Ya ɗaga ta sama da hannu biyu, ɗakin ya yi tsit, ya yi godiya ga Allah, ya karya ta. Ba zan ɓoye ba, kaina ya kumbura. Shekara nawa ina gasa gurasa ana jefa ta a kwando, ban taɓa ganin an riƙe ta da girma haka ba.

Dattawa biyu suka ɗauki farantan suna bin benci-benci. Kowa ya gutsiri ɗan mitsitsi, ya sa a baki, ya sunkuyar da kai. Wata mata kusa da taga hawaye take yi ba sauti. Bayan gurasar aka biyo da ƙoƙo mai jan abin sha, wanda daga baya na ji zoborodo ne suke dafawa. Farantin na matsowa baya, ni kuma ina gyara zama. Ba ci zan yi ba, Allah ya sani. Amsata tana bakina a shirye: alhamdulillahi, na ƙoshi, a ci lafiya. Har na gyara mayafi don in faɗe ta da kyau.

Ɗaya daga cikin dattawan ya iso benci na ƙarshe, inda ƙawata take zaune, taku biyu tsakanina da ita. Ta gutsira, ta sunkuya. Ya dube ni, ya ɗan rusuna mini, ya juya da farantinsa. Ita ko waiwaye ba ta yi ba.

A garin nan ko rogo mutum yake ci a bakin hanya, maƙiyinsa ya zo wucewa, zai ce masa bismilla. Kowa ya san ba ci za a yi ba, amma a faɗa. Ni ga ni baƙuwa, na tako tun daga Dala, da hannuna na niƙa alkamar, aka cinye a kan idona babu wanda ya ce mini kanzil. Da aka tashi ta jawo ni wurin faston, ya yi ta sa mini albarka, na amsa da ƙyar. Na karɓi ƙwaryata na kama hanya. Tun daga Fagge har gida ina shirya maganganun da zan gaya mata, ban kuwa gaya mata ko ɗaya ba.

Abin da na yi ya fi zagi ciwo: na daina tsokanarta. Ta zo, in gaishe ta da ladabi, in tambaye ta aiki, in kawo mata ruwa a kwanon baƙi. Ta ce Kanawa kaza, in ce haka ne. Sau biyu ta zo ta tafi da wuri, daga nan ƙafarta ta ɗauke. Yaya ya tambaye ni ina Malamar asibiti, na ce aiki ya yi mata yawa. Ya dube ni ta saman tabarau, ya ci gaba da ɗinkinsa. Ni kuma kullum la'asar kunnena yana zaure, ina jin haushin kaina da na kasa daina saurare.

Ana haka aka ga watan azumi. Ranar Asabar, ana gobe Lahadinsu, da la'asar sakaliya, sai ga sallamarta. Kwanduna biyu cike da gurasar shan ruwa a gabana, duk na barbaɗe ta da riɗi, na dubi idonta na ce ban samu sukunin yin tasu ba. Ta dubi kwandunan, ta dube ni, ta cire takalmi ta zauna a inda ta saba. Ta ce gurasa ba komai, gobe sa sayi burodi. Ita dai ba za ta tashi ba sai na gaya mata abin da ta yi mini.

Na yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe na faɗa mata.

“Ko bismilla ba ku yi mini ba. Ke ko waiwayowa ba ki yi ba.”

Na zaci dariya za ta yi, da na ji sauƙi, amma ba ta yi ba. Ta ce wannan gurasa in an yi mata addu'a ta tashi daga abincin baƙo, ba kuma sadaka ba ce. Wanda aka yi wa baftisma kaɗai yake ci. Ƙanwar mijinta ma da take zaune kusa da ita an tsallake ta, don ba a yi mata ba tukuna. Duk wanda ya miƙa hannu ya gutsira, yana shaidawa ne a gaban jama'a cewa ya gaskata abin da suka gaskata.

“Da na miƙo miki, ƙawata, me kike jin na ce miki? Na ce ki bar addininki ke nan, a bainar jama'a, don kin yi mini alheri. Sau nawa kika tayar da salla ina zaune a tabarmar nan? Kin taɓa ce mini in taso mu yi?”

Na ce ban taɓa ba.

Ta ce waiwaye kuwa, ta san ina nan, tana jin idona a ƙeyarta. Ta san in ta juyo ta ga fuskata, hannunta zai miƙo da kansa, don ita ma a gidan Hausawa aka haife ta. Ta ce tunda take cin Jibin nan ba ta taɓa haɗiye loma da wuya irin ta ranar ba.

Kunya ta rufe ni, amma mai riƙo ba ya sakin igiya lokaci ɗaya. Na tashi na hau kaye-kayen shan ruwa, na dama kunu, na sallami masu sayen gurasa, ina yi kamar ban damu da zamanta ba. Na san hanyar Sabon Gari da nisa, ba ta kuma son duhu ya same ta a Fagge. Na ce mata rana fa ta yi ƙasa. Ta ce ta gani. Ta miƙa hannu cikin kwando ta ɗauki gurasa guda, ta ɗora a cinyarta, ba ta ci ba. Ita da ba azumi take ba, ita da tun safe tana tsaye a asibiti, ta zauna riƙe da ita har inuwa ta cinye tsakar gida.

Ladanin unguwarmu ya ɗaga murya. Ta karya gurasar gida biyu, ta miƙo mini babban ɓarin.

“Bismilla.”

Amsar nan tawa da na ɗauko tun daga Sabon Gari tana nan a bakina, wata guda ina ajiye da ita. Na haɗiye ta, na karɓa. Ga dabino, ga kunu, amma da gurasar na buɗe baki, ina tauna ina share ido da gefen zane ina cewa hayaƙin tanderu ne. Ta ce tanderun da ya mutu tun azahar? Na ce mutanen Zariya me suka sani game da tanderu. Ta yi dariya har wushiryarta ta fito, Yaya daga zaure ya yi gyaran murya ya ce to, an dawo ke nan.

Ya raka ta har Ƙofar Mazugal. Washegari da asuba na hura wuta, na tankaɗe alkama sau biyu. Da na zo mulmula kwaɓin sai na raba shi biyu, babba da ƙarami. Babbar na rufe ta da faifai, fara sol, yadda suke so. Ƙaramar kuwa na cika ta da riɗi har ba a ganin bayanta, na ajiye mana sai magariba.